Liyarin kakarmu da gwanjon intanet: nawa ya kamata in saka?

Autan Hajja (Garwa): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Da aka buɗe adakar kakarmu bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, mun tarar da wani ƙullin tsumma cike da tsoffin kuɗi. Akwai liyari na azurfa mai hoton wata mace mai jiki, a bayansa tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780. Wasu an laƙa musu kunne don ratayawa, wasu kuma lafiya lau suke. Akwai jajayen kwabbai masu hoton zakara, da masu huda a tsakiya na zamanin Ingilishi. Na duba eBay, shafin gwanjo na intanet, na ga wani ya saka irin wannan liyarin a kan yuro 2,000. Ina so in saka namu a gwanjo. Nawa zan fara da shi, kuma ta yaya kuɗin zai iso ni Garwa?

Kawu Mai Sikeli (Marwa): Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Hajja, Ya sa ta huta. Ɗana, kafin komai, kada ka wanke ko ɗaya. Ban da toka, ban da lemun tsami, ban da omo. Ka bar su da baƙinsu.

Sai maganar 1780. Ni maƙerin azurfa ne, liyari ya wuce ta hannuna da yawa, kuma duk wanda na taɓa riƙewa 1780 ne a jikinsa. Matar nan Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu. Bayan rasuwarta ba a daina buga kuɗin ba, kuma ba a canza shekarar ba, don fataken Larabawa da na Habasha da na Barno ba sa karɓar wanda ya bambanta da wanda suka sani. An buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Roma da Landan da Paris da Bombay, miliyoyi ɗaruruwa. Har gobe gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga sabo da wannan shekarar. Na kakarku zai iya zama na zamanin kakanta, zai iya zama kuma na wajen 1940.

Autan Hajja (Garwa): Kawu, to shi wanda ya saka yuro 2,000 fa? Da idona na gani.

Ɗan Boko a Liyon: Ƙanena, abin da ka gani kuɗin da mai kaya ya yanka wa kansa ne, babu wanda ya taya. Ka je tiken shanu na Ngong ka tambayi mai bijimi, zai faɗa maka abin da ransa yake so, amma kuɗin bijimin shi ne wanda aka sallama a kai aka tafa hannu. A eBay akwai wurin da za ka danna ya nuna maka kayan da aka riga aka sayar kawai, ba waɗanda suke jiran mai saye ba. Can za ka duba. Za ka ga liyari na yau da gobe yana tafiya kusa da kuɗin azurfar da ke jikinsa, da ɗan ƙari kaɗan in yana da kyau.

Lissafin ba wuya. Nauyin liyari gram 28 ne da ɗan ɗigo, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato tsantsar azurfa wajen gram 23.4. A ce yau gram ɗaya sefa 1,000 ne, misali kawai na bayar, to ƙarfen da ke cikinsa ya kai sefa 23,400. Ka duba farashin azurfa na ranar, ana faɗinsa a kan oza, oza ɗaya gram 31.1 ne, ka raba ka ninka. Wannan shi ne ƙasan da bai kamata ka sauka ƙarƙashinsa da nisa ba, ko wa ya zo maka da daɗin baki.

Akwai na ainihi da aka buga tun tana raye ko dab da rasuwarta, su suna da tsada. Masana suna gane su ta ƙananan alamu, kamar adon da ke kafaɗarta, da gashin wutsiyar tsuntsun, da ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin hotonta. Sai dai samun irinsu a adakar gidajenmu abu ne mai wuya ƙwarai.

Kawu Mai Sikeli (Marwa): Kuma a fara tabbatarwa azurfar ce ma. Jabu ya yi yawa a kasuwa. Ka kai wa maƙeri ya ɗora a sikeli. In ya ba da gram 22 ko 24 alhali bai side ba, akwai magana. Ka kusanta masa mayen ƙarfe, azurfa ba ta kamawa. Ka ɗora shi a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa, na gaskiya yana da amo mai tsawo. A gefensa kuma akwai rubutu da ya fito sama, na jabu yakan zo a dame. Kada ka yarda kowa ya goga shi a dutse ko ya ɗiga masa ruwan gwaji, tabon ba ya fita.

Masu kunnen nan kuwa, a wurin masu tara kuɗi sun riga sun lalace, kuɗin azurfa kawai za su biya. Amma a nan Marwa matan Fulani da na Shuwa suna nemansu don ado, sau da yawa ka fi samun daraja a gida.

Hajiyar Kusuri: Ni tambayata daban ce. Auta, kai kaɗai ne magajin Hajja? Ka ce "mun tarar". Ina 'ya'yanta, ina sauran masu haƙƙi? Kayan nan gado ne, ko kwabo ɗaya ne a ciki sai an raba ko kowa ya yarda da bakinsa. Na ga gidajen da zumunci ya tsinke a kan abin da bai kai wannan ba. Yaro ya ɗauki abin wuyan tsohuwa ya sayar da kyakkyawar niyya, bayan shekaru wata gwaggo ta ji wani ya ce ai irinsa miliyan yake yi a Turai, shi ke nan har kabari ba ta yarda ba a cuce ta ba.

Kuma a raina ban so a sayar. Liyarin nan shi ne sadakin iyayenmu, shi ne ajiyarsu ta ranar wuya, da shi wasu suka yi guzurin Makka a ƙasa ta Njamena da Abeshe da Sudan. Ka karɓi 'yan dubbai, cikin wata guda sun tafi a cefane.

Autan Hajja (Garwa): Hajiya, gaskiyarki. Babanmu da ƙannensa sun zauna, su suka ce in bincika farashi tunda ni ne mai taɓa waya. Ba zan sayar da komai ba sai sun ji abin da aka ce. Akwai rufin ɗakin Gwaggo da damina ta cinye, shi ake son gyarawa.

Hajiyar Kusuri: To madalla. In don rufin Gwaggo ne ba ni da ta cewa. Amma ku ware ko guda biyu ku bar wa jikoki mata.

Dillalin Dembe (Njamena): Jama'a duk kun taru a kan liyari kun bar inda ni nake ganin ciniki. Auta, turo hoton masu zakaran nan gaba da baya. In na 1943 ne, waɗannan suna da labari. Lokacin yaƙin duniya na biyu Jamus ta mamaye Faransa, Chadi a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga Agusta 1940, washegari Kamaru ta bi. Hanyar Paris ta toshe, sai aka buga kuɗin a Pretoriya ta Afirka ta Kudu. Za ka ga zakara, alamar Faransa, a gaba, a baya kuma gicciye mai hannu biyu, alamar mutanen de Gaulle. Na Kamaru iri biyu ne: wani an rubuta Cameroun Français, wani an ƙara Libre a ƙarshe. Masu tarawa suna son su haɗa duka biyun, a santim 50 da faran 1. Mai sha'awar tarihin yaƙi yana nema, mai tara kuɗin Afirka ma yana nema, mutum biyu ke nan a kan abu ɗaya, kuma haka gwanjo yake tashi.

Ba na ce za ka yi arziki da su ba. Wanda ya side ya yi sumul kuɗinsa kaɗan ne. Amma wanda gashin zakaran yake nan ɗaya bayan ɗaya, jan tagullar bai dushe ba, yana iya ninka sidadden sau da yawa. A wannan sana'a lafiyar kwabo ta fi shekarunsa magana.

Ku duba kuma ko akwai na 1924 zuwa 1926, masu ruwan ɗorawa, na lokacin da Faransa take riƙon Kamaru amana. Da faran 50 na tunawa da samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, mai kawunan namun daji uku masu ƙaho, irin waɗanda suke dajin Buba Njidda. In kuma ka ga an rubuta ESSAI da ƙananan haruffa a jikin wani, ka ware shi gefe, na gwaji ne, kaɗan ake bugawa.

Ɗan Boko a Liyon: Abin da Alhaji na Dembe ya faɗa kan lafiyar kwabo shi ne gaskiya. A nan Faransa matakan lafiyar kwabo, daga sidadde zuwa mafi kyau, su ne B, TB, TTB, SUP, SPL, sai FDC wanda bai taɓa shiga hannun mutane ba. Amurkawa lamba suke sakawa daga 1 zuwa 70, kuma akwai kamfanoni irin su NGC da PCGS da suke duba kwabo su rufe shi a cikin roba da lambarsa. Amma kuɗin dubawar da na aikawa ya fi ƙimar yawancin abin da ke hannunmu, kada ma ka fara. Ka shiga Numista, shafin intanet mai bayanan kwabbai, kyauta ne, ka nemo kwabonka, za ka ga nauyinsa da faɗinsa da adadin da aka buga.

Masu hudar nan kuwa, anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo na British West Africa, wato ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingilishi ya mulka, ta Yola da Mubi suka shigo mana. Mutane suna rikicewa da na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, don ya sauka daga gadon sarauta bai cika shekara ba, sai a ɗauka ba a samunsu. Miliyoyi aka buga, suna da arha. Ka haɗa su kashi guda ka sayar tare.

Baba Tsohon Akawu (Ngaundare): Ku yara kuna ta maganar abin da za a saya, ba ku faɗa masa abin da zai shiga aljihunsa ba. Bari in yi masa lissafin akawu. A ce kwabo ya tashi a yuro 30. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, wato wajen sefa 19,700. Shafin gwanjo zai cire la'adarsa, galibi tsakanin kashi 10 da 15 cikin 100. Mai kawo kuɗin zai ciri nasa. Sannan aikawa. Kamfanin aike na gaggawa daga Garwa zuwa Turai, kuɗinsa kaɗai zai haɗiye yuro 30 ɗin nan ya nemi ƙari, kuma da yawansu a ƙa'idarsu ba sa ɗaukar kuɗi ko azurfa. In ka saka a wasiƙa marar lambar bibiya, mai saye ya ce bai gani ba, shafin shi zai mayar wa kuɗinsa, kai ka tashi babu kwabo babu sefa.

Sannan karɓar kuɗin. Shafukan nan an gina su ne don mai asusun banki a Turai ko Amurka. Orange Money da MoMo da muke rayuwa da su a nan, ko Airtel Money na mutanen Njamena, ba sa shiga can kai tsaye. Saboda haka kwabo ɗaya ɗaya daga nan asara ce tsantsa. Sai dai a tara da yawa, a ba amintacce mai tafiya, wani ɗan'uwa a can ya saka da sunansa.

Ɗan Boko a Liyon: Haka ne Baba. Kuma sabon asusu marar tarihin ciniki, wanda aka ga yana Afirka, masu saye suna ɗari-ɗari da shi, abin takaici ne amma haka yake. Kwabo iri ɗaya, a hannun tsohon mai sayarwa da mutane suka yaba sau dubu zai fi kuɗi. Ni zan iya taimakawa in iyayen sun yarda, da sharaɗin a rubuta komai: hoton kowane kwabo, nauyinsa, da la'adar da za a cire. Delcampe, shafin gwanjo na mutanen Beljiyam, ya fi dacewa da ƙananan kuɗin zamanin Faransa, masu nemansu suna can.

A bayyana wa 'yan duwan, wato kwastan, abin da aka ɗauko, kada a ɓoye a safa. Kamaru tana da dokar kare kayan tarihi ta 2013. Kuɗin da aka buga miliyoyi daban ne da abin da aka tono daga ƙasa, amma duk wanda ya haɗa da kayan tarihin Sao, tsoffin mutanen da suka zauna a bakin kogunan Shari da Logon, a cikin jakarsa, shi ya jawo wa kansa.

Dillalin Dembe (Njamena): In za a saka, shawarata a fara da yuro 1, babu ƙasan farashi. Mutane suna ruguwa kan abu mai arha, in sun fara tayawa zuciya ta hau, ba sa son a ƙwace musu. A sa ya ƙare daren Lahadi lokacin da Turawa suke gida. Agogonmu ɗaya da na Paris a lokacin sanyinsu, in zafinsu ya zo suna gabanmu da awa ɗaya. Kuma kada hankalinka ya tashi in ka ga kwana shida farashi bai motsa ba, ƙwararru a daƙiƙun ƙarshe suke jefa tayinsu.

Kawu Mai Sikeli (Marwa): A'a Alhaji, ban yarda ba. Wannan dabarar ta mai kaya da yawa ce, in ɗaya ya faɗi goma su tashi. Marayan kaya irin na Auta, in ranar ta zo mutum ɗaya ne kawai ya gani fa? Liyarin da azurfarsa ta haura sefa dubu ashirin ya tafi a yuro 5, kuma dole ka ba shi tunda ka yi alkawari. Me za a gaya wa Gwaggo?

Dillalin Dembe (Njamena): Kawu, azurfa ba ta faɗuwa haka, akwai masu sa ido a kanta dare da rana, da sun ga ta yi ƙasa da kuɗin ƙarfe za su ɗaga ta. Masu zakaran ne ma abin tsoro. Kuma ai akwai maganin wannan, sai wani abokinka ya shiga da nasa asusun ya ɗan tura farashin sama in ka ga zai kwanta. Kowa yana yi.

Malam na Zaure (Gidar): Alhaji, ka yi haƙuri, a nan dole in sa baki. Wannan da ka faɗa shi ne najashi: mutum ya ƙara tayi ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ba ya zama halal don mai sayen Bature ne, ko don ba ka ganin fuskarsa. Shi gwanjo kansa babu laifi, an ruwaito Annabi ya sayar wa wani mabuƙaci shimfiɗa da ƙoƙo ta hanyar tambayar wa zai ƙara. Abin da aka hana shi ne tayin ƙarya. In kana tsoron faɗuwa, ka fara da farashin da za ka iya sallamawa, kowa ya gani.

Haka nan ɓoye aibi. In an cire kunne an goge wurin, a faɗa. In an taɓa wankewa, a faɗa.

Akwai kuma abin da ban ji an taɓo ba. Azurfa tana cikin abubuwa shida da hadisin Ubada ɗan Samit ya ambata, musayarta da kuɗi sai hannu da hannu. Malaman zamani da yawa sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi. To a intanet mutum ya biya yau, liyari ya isa bayan mako biyu. Wasu malamai sun sauƙaƙa in akwai wakilin da zai karɓa a madadin mai saye a lokacin biyan, wasu ba su gamsu ba. Na tagulla da aka daina ciniki da su sun zama haja kamar kowace haja, sun fi sauƙi. Ni a ganina liyarin a sayar da shi a gida, ga kuɗi ga kaya, an huta da shubuha.

Dillalin Dembe (Njamena): Allah gafarta Malam, na ji, na bar maganar abokin. Amma a kan yuro 1 ina nan a kan bakana, in hoto ya yi kyau kaya yana kai kansa inda ya dace. A ɗauka da hasken rana a inuwa, ban da fitilar waya, a kan baƙin ƙyalle, gaba da baya da gefe, ɗaya kuma a kan sikeli lambar tana fitowa.

Baba Tsohon Akawu (Ngaundare): Wani abu da nake so matasan zauren nan su sani, tunda an zo wurin. Kuna ganin tallan manyan kuɗin azurfa masu sheƙi da aka rubuta République du Tchad ko République du Cameroun, da hoton zaki ko wasu abubuwan da ba su da alaƙa da mu. Kamfanonin waje ne suke buga su don masu tarawa, ba su taɓa shiga kasuwar Dembe ko babbar kasuwar Garwa ba. Kada wani ya ga farashinsu ya ɗauka faran 100 na aljihunsa ma haka yake.

Amma na aljihun ma a riƙa dubawa. Tsohon faran 50 na BEAC, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, da aka fara bugawa a 1976 yana da harafi guda da ke nuna ƙasar da aka buga wa: A Chadi, B Afirka ta Tsakiya, C Kwango, D Gabon, E Kamaru. Masu tarawa suna bin kowane harafi da kowace shekara, wasu shekarun suna ba su wahala. Haka faran 100 mai sunan Chadi a jiki na 1971 da 1972. Mu da muke zaune a inda kuɗin suka yi yawo mun fi su damar tsinta, matsalar dai namu sun sha hannu sun side.

Hajiyar Kusuri: To ni in tambaya, dole sai Turai? A zauren nan kaɗai akwai masu so. Ni kaina zan taya masu kunnen, 'yata tana da biki bayan Sallah. Daga Kusuri zuwa Njamena gadar Ngeli ce kawai, daga Garwa zuwa Marwa mota kullum tana tashi.

Mai Kula da Zaure: Hajiya ta kawo shawara. In iyayen Auta sun amince, za mu iya yin gwanjon liyarin a nan. Kawu ya auna ya gwada kowane ɗaya a gaban wakilin gidan, a turo hoto da nauyi. Farashin farawa kuɗin azurfar ranar. Ƙari kada ya gaza sefa 500. A buɗe bayan sallar Juma'a, a rufe Lahadi ƙarfe 9 na dare, saƙon da ya shigo bayan nan ba ya cikin lissafi. Wanda ya taya ya janye ba dalili, a fitar da shi daga zaure. Dangin mai kaya ba sa tayawa sai in da gaske saye za su yi, kuma su faɗa tun farko. Saboda maganar Malam, wanda ya ci gwanjo ya wakilta wani a Garwa ya miƙa kuɗi ya karɓi kaya a zama ɗaya.

Autan Hajja (Garwa): Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na duba masu zakaran, 1943 ne, biyu a ciki akwai Libre, ɗaya kuma har yanzu ja ne sosai. Zan kai wa Baba duk bayanin nan da daddare. Yaya na Liyon, yaushe za ka zo gida, ko akwai mai tafiya da ka amince da shi?

Ɗan Boko a Liyon: Sai hutun Agusta in Allah Ya kai mu. Kafin nan ka naɗe kowanne daban a farar takarda, kada su riƙa gogar juna, ban da leda, damshin damina yana sa tagulla ta yi kore. Jan nan kuma ka riƙa kama shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Turo min hotonsa ta akwatina in gwada da waɗanda aka sayar kwanan nan.

Kawu Mai Sikeli (Marwa): Ranar Litinin ina Garwa wajen sarin kaya, zan zo da sikelin. Alhaji na Dembe, in an kai masu zakaran can, ni dai ban yarda a fara da yuro 1 ba.